Makaman da Ke Kwance a Cikin Duwatsun Koriya ta Arewa

Koriya ta Arewa ƙasa ce ta duwatsu. Kusan kashi 80 cikin 100 na faɗinta tsaunuka ne da tuddai, ga kwaruruka masu zurfi da ƙunci suna ratsa tsakaninsu. A cikin waɗannan kwaruruka ne gwamnatin Pyongyang ta haƙa ramuka ta ajiye makamanta masu linzami. Ba ta taɓa fitar da jerin sansanonin ba, ba ta kuma taɓa barin wani mai bincike daga waje ya taka ƙafa a cikinsu ba. Abin da duniya ta sani game da su ya fito ne daga hotunan taurarin ɗan Adam, da bayanan waɗanda suka tsere daga ƙasar, da tsofaffin takardun leƙen asirin da Amurka ta saki. Daga waɗannan ne masana suka ƙiyasta cewa sansanonin sun kai 15 zuwa 20, dukkansu a hannun wata runduna ta musamman da aka ware daga sojan ƙasa da na sama da na ruwa, wadda ba ta da wani aiki sai kula da waɗannan makamai.

Makamin da ake magana a kai shi ne irin wanda injinsa ke cilla shi sama na 'yan mintuna, daga nan injin ya mutu, makamin ya ci gaba da tafiya da ƙarfin da ya samu, ya yi lanƙwasa a can ƙololuwa, sannan ya rikito kan abin da aka auna da gudun da ya ninka na sauti sau da yawa. Ana rarraba su ne bisa nisan da suke ci. Wanda bai kai kilomita 1,000 ba shi ne mai gajeren zango, wanda ya wuce kilomita 5,500 kuma shi ake kira mai ratsa nahiyoyi, sauran suna tsakani. Koriya ta Arewa tana da kowane iri.

Yadda ƙasa ta koma ƙarƙashin ƙasa

Haƙar rami ta girmi makami mai linzami a ƙasar da shekaru talatin. A Yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, jiragen Amurka sun mallaki sararin samaniya kusan ba tare da abokin hamayya ba, suka yi ruwan bama-bamai da nauyinsu ya kai tan 635,000, wato fiye da abin da Amurka ta jefa a duk fagen tekun Fasifik a Yaƙin Duniya na Biyu. An ƙone garuruwa da bam mai cinna wuta, an ruguza mafi yawan Pyongyang, a 1953 kuma aka kai ga fasa madatsun ruwan da ake noman shinkafa da su. Wanda ya tsira a lokacin, galibi a rami ya tsira. Masana'antu da asibitoci da makarantu da ofisoshin gwamnati duk sun koma cikin kogo da ƙarƙashin ƙasa, har gidan wasan kwaikwayo aka haƙa a ƙarƙashin tudun Moranbong da ke tsakiyar babban birnin. A bakin daga ma, sojojin Sin da na Koriya ta Arewa sun gano cewa rundunar da ta shige cikin dutse tana iya jure luguden wutar da zai share ta a fili cikin yini guda.

Yaƙin bai ƙare da yarjejeniyar zaman lafiya ba. Tsagaita wuta kawai aka sa wa hannu ranar 27 ga Yuli, 1953, kuma a kanta ake har yau. Shugaban ƙasar na lokacin, Kim Il Sung, ya fito daga yaƙin da yaƙinin cewa duk abin da ke bisa doron ƙasa, Amurka za ta iya rusa shi ranar da ta ga dama. A Disambar 1962, watanni biyu bayan ya ga Tarayyar Sobiyet ta janye makamanta daga Kyuba bisa matsin Amurka, jam'iyyarsa ta amince da manufofin soja guda huɗu, ɗaya daga cikinsu shi ne a mayar da ƙasar baki ɗaya ganuwa. Tun daga nan ba a daina haƙa ba. An haƙa wa jiragen yaƙi maɓoya, an haƙa wa jiragen ruwa mashiga a jikin duwatsun gaɓa, an haƙa wa manyan bindigogin da ke fuskantar Seoul kogunan da suke leƙowa su yi harbi su koma. Jirgin ƙasa na cikin birnin Pyongyang, wanda aka buɗe a 1973, yana tafiya ne a zurfin da ya haura mita 100, domin tashoshinsa su zama mafaka idan yaƙi ya ɓarke. Ƙiyasin yawan gine-ginen ƙarƙashin ƙasa a faɗin ƙasar yana farawa daga dubu shida, wasu kuma suna kai shi sama da dubu goma.

Koriya ta Kudu ta ga wannan gwaninta da idonta. A 1974 da 1975 da 1978 da 1990 sojojinta sun gano ramuka huɗu da aka haƙo daga Arewa, suka ratsa ta ƙarƙashin zirin kan iyakar da aka haramta girke soja a cikinsa. Na ukun, wanda aka gano a 1978, zurfinsa mita 73 ne, tsawonsa ya zarce kilomita ɗaya da rabi, an fafe shi cikin dutse mai tauri, kuma tazararsa da Seoul kilomita 44 ce kacal.

Makaman sun zo ne daga baya suka tarar da ramin yana jiransu. Asalinsu daga Masar ne. Koriya ta Arewa ta tura wa Masar matuƙa jiragen yaƙi a yaƙinta da Isra'ila na 1973, bayan wasu shekaru Masar ta ba ta 'yan makaman Scud ƙirar Sobiyet. Injiniyoyin Pyongyang suka warware su ɗaya bayan ɗaya suka kwaikwayi ƙirarsu, a 1984 suka gwada nasu mai suna Hwasong-5, mai cin kimanin kilomita 300. Hwasong-6 ya biyo baya da kilomita 500, abin da ya sa kusan duk Koriya ta Kudu ta shiga ƙarƙashin inuwarsa. A 1993 aka gwada Nodong, wanda ke iya kai wa Japan. Daga nan tafiya ta yi nisa har zuwa 2017, shekarar da aka harba Hwasong-14 a watan Yuli da Hwasong-15 a watan Nuwamba, masana suka yi lissafi suka ce na biyun zai iya isa ko'ina a Amurka. A gefe guda kuma an yi gwajin nukiliya sau shida tsakanin 2006 da 2017, dukkansu a cikin ramukan da aka haƙa ƙarƙashin dutsen Mantap a Punggye-ri.

Abin da ke cikin kwarin

Mutane da yawa idan suka ji an ce sansanin makamai na ƙarƙashin ƙasa, abin da ke zuwa musu a rai shi ne rijiya mai murfin ƙarfe da makami ke tsaye a ciki yana jiran a danna maɓalli. Haka Amurka take ajiye makamanta na Minuteman a filayen Montana da Dakota ta Arewa da Wyoming, kuma kowa ya san inda rijiyoyin suke. Tsarin Koriya ta Arewa daban ne. Sansanin barga ne, ba fagen fama ba: a nan ake ajiye makami da motar da ke ɗauke da shi, a duba lafiyarsu, a horar da masu aiki da su, amma ranar yaƙi fita za su yi. Motocin za su bar ramin su watsu zuwa wuraren da aka riga aka auna aka tanada, wani a gefen titi, wani a bakin gona, wani a tsakar daji, su ɗaga makamin tsaye su harba, sannan su bar wurin kafin martani ya iso.

Cibiyar nazarin tsaro ta CSIS da ke Washington ce ta fi kowa bayyana wa jama'a siffar waɗannan wurare. A Nuwamban 2018 masu bincikenta Joseph Bermudez da Victor Cha da Lisa Collins suka sanar cewa sun gano 13 daga cikin sansanoni kimanin 20, suka fara da bayanin Sakkanmol, wanda ke lardin Hwanghae ta Arewa, kilomita 85 daga kan iyaka, kilomita 135 daga Seoul. Daga sama wurin bai da wani kwarjini. Akwai shingen bincike a bakin kwarin, sai hedikwata da barikoki da gidajen hafsoshi, sai gonaki da rumfunan leda na kayan lambu, domin a Koriya ta Arewa kowace runduna ita ke noma wani kaso na abincinta. Wanda bai san abin da yake nema ba zai ɗauka ƙauye ne na manoma. Sai an bi hanyar zuwa can cikin kwarin, inda ya tsuke, ake ganin bakunan ramuka bakwai a jikin dutse, da ɗakunan kankare da aka rufe da ƙasa, masu ƙofa gaba da baya, inda mota za ta shiga ta nan a duba makami ko a ɗura masa mai, ta fita ta can ba tare da ta juya ba. An ƙiyasta cewa ramukan za su ɗauki motocin harbi har 18.

A gaban bakin kowane rami ana tara wani dogon tudu na ƙasa da ɓaraguzan dutsen da aka fitar wajen haƙa. Amfaninsa shi ne ya tare harsashi ko bam da zai taho kai tsaye ya bugi ƙofa. Ƙuncin kwarin ma kariya ce, domin jirgin da zai kawo hari ba shi da kusurwoyi da yawa da zai bi. Sai dai wannan tudu da ke kare ramin shi ne kuma yake tona masa asiri. Ba a haƙa dutse ba tare da fitar da tsakuwa ba, kuma mai nazarin hoto yana iya auna tulin da aka zubar ya yi hasashen girman abin da aka fafe a ciki. Yana duba faɗin hanya da yadda aka sassauta kwanarta domin doguwar mota ta iya wucewa, yana duba gadar da aka ƙarfafa fiye da bukatar ƙauyen da ke kusa, yana jiran hotunan lokacin sanyi da ganye ya kakkaɓe. Aiki ne na haƙuri, ana jera hotunan shekara goma ko ashirin na wuri ɗaya ana kwatanta su. Amma iyakarsa bakin rami. Tauraron ɗan Adam na kasuwanci yana iya rarrabe abin da bai wuce santimita 30 ba a ƙasa, sai dai ba ya ganin abin da ke bayan ƙofar ƙarfe, ko makami goma ne, ko ɗaya, ko babu komai.

Sansanonin ba a warwatse suke haka kawai ba. Masu bincike suna ganin an jera su sahu uku daga kudu zuwa arewa. Sahun gaba yana tsakanin kilomita 50 zuwa 90 daga kan iyaka, nesa kaɗan da inda bindigogin Kudu ke kaiwa, kuma masu gajeren zango ne a cikinsa, kamar Sakkanmol da Kal-gol. Sahun tsakiya na masu kai wa Japan ne, kuma a bayansa kaɗan akwai Sino-ri, ɗaya daga cikin tsofaffin sansanoni, kilomita 212 daga kan iyaka, inda rundunar Nodong take. Sahun baya, a lardunan Chagang da Ryanggang da Pyongan ta Arewa, shi ne na manyan makaman da aka tanada domin tsibirin Guam da Amurka kanta. A nan ne ake samun Hoejung-ni, kilomita 25 daga iyakar Sin, da Sinpung-dong, kilomita 27 daga iyakar, wanda CSIS ta bayyana a Agustan 2025 ta ce an fara gina shi wajen 2004, ya fara aiki wajen 2014, kuma yana iya ɗaukar makamai masu ratsa nahiyoyi shida zuwa tara. Wannan kusanci da Sin da gangan ne. Duk janar ɗin Amurka da zai ba da umarnin jefa bam a nan sai ya tuna cewa kuskuren 'yan kilomitoci zai faɗa ƙasar Sin, ya kuma tuna abin da ya faru a ƙarshen 1950, lokacin da sojojin Amurka suka doshi kogin Yalu da ke kan iyakar, Sin ta kwararo da dubban ɗaruruwan mayaƙa.

Mota da mai

Raunin wannan tsari a wurare biyu yake, kuma duk tarihin shekarun baya-bayan nan ƙoƙari ne na toshe su. Na farko mota. Makami mai ratsa nahiyoyi yana da nauyin tan gommai da tsawon da ya haura mita 20, ba kowace babbar mota ke ɗaukarsa ba, kuma ƙera irin wannan mota ya daɗe yana gagarar masana'antun ƙasar. A faretin Afrilun 2012 aka ga wasu motoci masu taya 16 ɗauke da sabon makami, binciken ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya gano cewa guda shida ne aka sayo daga wani kamfanin Sin a 2011, da sunan za a riƙa jigilar katako da su. Shekaru da dama yawan waɗannan motoci shi ne ma'aunin ƙarfin ƙasar na gaske, domin makami ɗari da mota shida, shida ne za su tashi a zagayen farko. Daga baya aka fara ganin masu taya 18 na Hwasong-15 da masu taya 22 na Hwasong-17, cikin adadin da ke nuna cewa yanzu a gida ake haɗa su.

Na biyu mai. Tsofaffin makaman man ruwa suke sha, haɗe da wani sinadari mai guba da ke cin ƙarfe da fata. Ba a barin makami cike da shi na dogon lokaci, ba a kuma son yawo da shi a kan hanya mai gargada. Don haka sai ayari guda ya fita, da tankokin mai da motocin rakiya, a ɗauki lokaci ana ɗurawa ana gwaje-gwaje, wani lokaci sa'a guda ko fiye, kuma a wannan tsakanin ne ido daga sama zai iya hango su. Daskararren mai ya kawar da wannan matsala. Tun a masana'anta ake zuba shi a jikin makamin, ya zauna shekaru, ranar bukata kuma mintuna kaɗan sun isa. Koriya ta Arewa ta fara da ƙanana irin su KN-23, wanda Rasha ta yi amfani da shi a kan biranen Yukiren tun daga farkon 2024, sannan ranar 13 ga Afrilu, 2023 ta gwada Hwasong-18, mai ratsa nahiyoyi na farko da ke aiki da daskararren mai. Hwasong-19 ya biyo baya a ƙarshen Oktoban 2024.

Ba ta tsaya ga mota kaɗai ba. A Satumban 2021 ta nuna jirgin ƙasa ya fito daga ramin layin dogo, rufin taragu ya buɗe, makami ya tashi. Ƙasar cike take da irin waɗannan ramuka na layin dogo, kowanne kuma ya zama abin tuhuma daga ranar. A Satumban 2022 ta harba wani daga cikin ruwan wata madatsa. A Maris na 2023 hotunan wani gwaji sun sa masana suka yi zaton daga rijiyar da aka haƙa a ƙasa ya fito. Wasu daga cikin waɗannan dabaru ba lallai ne su yi wani tasiri a yaƙi na gaske ba, amma kowacce tana ƙara yawan wuraren da abokin gaba zai sa wa ido.

Me ya sa rusa su ke da wuya

Sojojin Amurka suna da darasi mai ɗaci a kan farautar motocin harbi. A Yaƙin Tekun Fasha na 1991, Iraƙi ta harba makaman Scud kusan 90 kan Isra'ila da Saudiyya. Jiragen ƙawance sun tashi sau wajen 1,500 domin neman motocin, a hamada shimfiɗaɗɗiya da ba ta da daji ba ta da tsauni, matuƙa suna dawowa da rahoton sun lalata da yawa. Binciken da rundunar saman Amurka ta sa aka yi bayan yaƙin bai iya tabbatar da cewa jirgi ya lalata ko da motar harbi ɗaya ta gaske ba. Abin da aka buga tankokin mai ne da manyan motocin haya da gumakan yaudara. Na'urorin leƙe sun ci gaba ƙwarai tun daga lokacin, amma Koriya ta Arewa tana da duwatsu da dazuzzuka da hazo da damina mai gajimare, da kuma shekaru sittin na shiri.

Akwai bama-baman da aka ƙera domin huda ƙasa. Mafi girma a cikin na Amurka da ba na nukiliya ba shi ne GBU-57, mai nauyin kilo 13,600, wanda jiragen B-2 suka jefa a kan cibiyar Fordo ta Iran a Yunin 2025. Koriya ta Kudu ta ƙera nata makamin, Hyunmoo-5, mai kai da ya kai tan takwas, ta nuna shi a bainar jama'a ranar 1 ga Oktoba, 2024. Amma dutse mai tauri yana da iyakar da bam ke hudawa, kuma ramin da ya shige can ƙarƙashin tsauni ya fi ƙarfin yawancinsu. Shi ya sa masu tsara yaƙi suka fi maganar toshe bakin rami da karya gadoji da hanyoyin fita, a kulle makamin a ciki. Wannan ma yana bukatar a san dukkan ƙofofin, a buge su a lokaci guda, kafin motocin su fita. Koriya ta Kudu ta gina manufar tsaronta a kan hakan: idan ta ga alamar ana shirin harbi, za ta riga kai hari. Tun daga Disambar 2023 ta fara harba taurarinta na leƙen asiri domin ta daina dogaro da idon Amurka kaɗai.

A nan ne haɗarin yake, kuma haɗari ne da ya kamata a faɗe shi ba tare da sassautawa ba. A 2025 cibiyar SIPRI ta Sweden ta ƙiyasta cewa Koriya ta Arewa tana da kawunan nukiliya kimanin 50. Wanda zai kai mata hari dole ya samu dukkansu, domin ɗaya da ya kuɓuce ya ishi Seoul ko Tokyo. Wannan rashin tabbas shi ne ke hana a far mata, kuma shi ne ainihin abin da ramukan suke saya wa shugaban ƙasar, Kim Jong Un, wanda jami'ansa suka sha ambaton makomar Gaddafi, da ya miƙa shirinsa na nukiliya a 2003 aka kashe shi a 2011. Amma tsarin da ya dogara ga fita kafin a toshe ƙofa yana tura kowane ɓangare ga gaggawa. Idan rikici ya yi zafi, Arewa za ta so ta fitar da motocinta domin kada a rufe su, Kudu kuma za ta iya karanta fitar a matsayin shirin harbi. Ga shi makami iri ɗaya yana iya ɗaukar bam na yau da kullum ko na nukiliya, ba a rarrabewa daga sama. Dokar da majalisar Pyongyang ta zartar a Satumban 2022 ta ƙara tsuke lamarin, domin ta tanadi cewa idan aka kai wa shugabanci hari, martanin nukiliya zai tashi nan take ba tare da jiran sabon umarni ba. Mutane sama da miliyan 25 ne ke zaune a Seoul da kewayenta, kuma makami mai gajeren zango mintuna kaɗan yake bukata ya isa can.

Teburin sulhu da bakin rami

Ramukan sun sha dagula tattaunawa. A 1998 leƙen asirin Amurka ya hango dubban ma'aikata suna haƙa a Kumchang-ri, aka yi zargin cibiyar nukiliya ce ta ɓoye. Bayan watanni ana ciniki, da alkawarin tallafin abinci na dubban ɗaruruwan tan, jami'an Amurka suka shiga a Mayun 1999, suka tarar da ramuka fayau babu komai. Kowane ɓangare ya koyi abu: Pyongyang ta ga cewa rami ko babu komai a ciki yana da farashi, Washington kuma ta ga cewa hoto daga sama yana iya kai ta ga kunya.

A taron Singafo na 12 ga Yuni, 2018, Donald Trump da Kim Jong Un sun sa hannu kan takardar da ta yi maganar raba zirin Koriya da makaman nukiliya, ba tare da ta ambaci sansani ko ɗaya ba. Makonni kaɗan kafin nan Arewa ta gayyaci 'yan jarida, ban da ƙwararru, suka kalli yadda aka tarwatsa bakunan ramukan Punggye-ri da nakiya. Da rahoton Sakkanmol ya fito a watan Nuwamba, wasu jaridun Amurka suka kira shi shaidar yaudara. Fadar shugaban Koriya ta Kudu ta mayar da martani cewa Arewa ba ta taɓa alkawarin rufe waɗannan sansanoni ba, kuma a wannan gaɓa gaskiya ta faɗa. Sai dai maganar ta fito da girman giɓin da ke cikin tattaunawar. A Hanoi, a Fabrairun 2019, Kim ya miƙa tayin rufe cibiyar nukiliya ta Yongbyon a madadin ɗage manyan takunkumai, Trump ya nemi a haɗa da wuraren da ba a bayyana ba, aka tashi baram-baram. Wahalar a fili take. Kwance ɗamara yana farawa ne da jerin abin da ake da shi da inda yake, amma ga ƙasar da tsaronta ya rataya a kan ɓoyo, wannan jeri shi ne daidai takardar da abokin gaba yake bukata domin ya kai hari.

Akwai kuma waɗanda suka haƙa ramukan, da ba a cika ambatonsu a rahotannin tsaro ba. Yawancin manyan gine-ginen ƙasar sojoji ne ke yin su, samarin da ake ɗauka aikin soja na tilas da kan kai shekara goma, suna aiki da diga da shebur da nakiya inda injuna suka yi ƙaranci. Ƙasa mai mutum miliyan 26 tana riƙe da soja sama da miliyan ɗaya, kuma ƙiyasin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ya nuna tana kashe kusan rubu'in arzikinta a kan soja. An ci gaba da faɗaɗa sansanonin Nodong a shekarun 1990, daidai lokacin da yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane a mafi ƙarancin ƙiyasi. Hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta a shekarun baya-bayan nan cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba sa samun isasshen abinci. Siminti da ƙarfe da man dizal da suka shiga cikin dutsen Hoejung-ni an hana su ne ga madatsun ruwa da gadoji da asibitoci, kuma babu wanda ya tambayi manomin lardin Chagang ra'ayinsa.

Idon da duniya take da shi a kan lamarin raguwa yake yi. An kori masu binciken hukumar makamashin nukiliya ta duniya tun Afrilun 2009, su ma ɗin iyakarsu Yongbyon. Kwamitin ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya da ya bankaɗo cinikin motocin katako ya daina aiki a ƙarshen Afrilun 2024, bayan Rasha ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, sai wasu ƙasashe 11 suka kafa nasu ayarin sa ido a wajen Majalisar. A Oktoban 2024 kafafen yaɗa labaran Pyongyang suka fitar da hotunan Kim Jong Un yana zagaya wani sansani, yana tsaye a cikin dogon rami mai fitilu kusa da Hwasong-18 a kan motarsa. Ba su faɗi sunan wurin ba, ba su faɗi lardin ba, ba su kuma faɗi ranar da aka kai ziyarar ba.